Saƙon Bahago

Yaran gidan nan sun ishe ni da kukan saƙo. Wai an aiko wa jikata takalmi daga Kano, an ba direba a tasha, direba ya ba yaron mota, yaron mota ya ajiye a wurin mai shayi, mai shayi kuma ya rufe ya tafi biki. Wuni guda tana zagaya tsakar gida da waya a kunne, tana "ina kake, ina kake", kamar wadda akuyarta ta ɓata. Wanda ya aiko tana jin muryarsa, direban tana jin muryarsa, har hoton takalmin an nuna mata a cikin wayar, amma wai ita an cuce ta. Na ce ta zauna ta sha ruwa, ba a cuce ta ba, rai kawai aka ɓata mata. Ta ce, "Kaka, ke me kika sani a kan saƙo? A zamaninku ai sai dai a aiki jaki." Na yi dariya har na ƙware. Ni da saƙo ya yi wa abin da ya yi mini, yau ni ake koya wa ciwonsa.

Ƙauyenmu yana bayan duwatsun Roni, kuma a lokacin da nake amarya mutum yana iya sanin inda rana ta kai ba tare da ya ɗaga kai ba. Da sassafe guga ce ke kuka a bakin rijiya, sai dutsen niƙa ya karɓa, sai luguden taɓare daga gida zuwa gida, sai zabi su cika gari da surutu, can da yamma shanu su dawo suna kiran 'ya'yansu. Yanzu inji ya cinye duk wannan, ba ka jin komai sai babur da janareto. Ƙarar ƙarfe biyu kaɗai muka sani: gudumar maƙeri da ƙararrawar keken masinja. Kafin zuwan wannan keke, saƙo a baki yake tafiya ko a hannun fatake. Mutum zai taso tun daga Gwiwa da ƙullin daddawa a lalitarsa, ya ratse hanya don kawai ya miƙa wa wata tsohuwa ya ce 'yarta tana gaishe ta, ya sha ruwa ya wuce. Ba a tambayar kowa shaida, domin kowa ya san kowa har kakanni. Sai Turawa suka zo da gidan waya da jakar fata da tawada, suka ce saƙo ba ya isa sai da takarda. Masinja yakan ɗauko jakar daga Kazaure ranar kasuwarmu, ya jingine kekensa a gindin tsamiya, ya zauna a kan kujerar da ake ara masa, da kakinsa da ɗamararsa, yana hura hanci.

Mai gidanmu bahago ne. Da hagu yake noma, da hagu yake jifa, cin abinci ne kawai aka yi ta bugun hannunsa tun yana yaro har ya koma dama. Da rani igiya yake tufkawa ta rama, kuma da yake da hagu yake murzawa, tufkarsa baya take kwanciya, ba kamar ta sauran mutane ba. Ko a cikin duhun rijiya ka shafa igiyarsa za ka san tasa ce. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ma ku jira. Yanzu ina jin matar jikana tana ƙwala wa mijinta kira da sunansa na yanka tun daga ɗaki, kamar tana kiran mai tallan gyaɗa, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Mu a wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ni "shi" nake ce masa, ko "mai gidanmu". Inna, uwarsa, wadda ke da jinin Fulani har a ƙwayar ido, "wancan" take ce masa. Ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, amma idan ya yi tari a gona ita ke fara ji. Akwai wani mahauci mai irin sunansa, shi ma ya rasa nasa a bakinta, sai dai ta ce "mai sunan wancan". Takan ce mini, "'Yar nan, abin da kike ji da shi ki bar shi a cikinki, kada ki riƙa yawo da shi a baki." Ba tsoro ba ne, ba kuma ƙasƙanci ba ne, kamar yadda yaran yanzu suke zato. Iyakar darajar da muka iya ba mutum ke nan.

A shekarun da Turawa ke yaƙinsu aka zo ɗiban mutane aikin tilas na haƙar kuza a ƙasar Jos. Kowane gari aka yanka masa nasa rabon, mai gidanmu ya faɗa a ciki. Ubansa ya daɗe da rasuwa, 'yan'uwansa duk mata ne suna aure a wajen Babura, don haka gida ya rage daga ni sai Inna, sai ƙaramin cikin da ko ita ban gaya wa ba, ita ma ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Muka yi kaka, muka shiga rani, babu labari. Sai wata rana ɗan maƙwabcinmu da aka ɗebe su tare ya dawo da ƙafafu a kumbure, ya gudo. Ya ce sanyin can yana shiga har ƙashi, mutane suna ta tari. Ya ce mai gidanmu yana nan da rai, kuma a gabansa ya sayi zane mai ruwan bula, da sabulu mai ƙanshi, da wata 'yar hula ta jariri, ya naɗe su a tsumman buhu, ya ɗaure da igiyar da ya tafi da ita, ya ba malamin wurin ya aika ta gidan waya. Da na ji maganar hula sai na tashi na shige ɗaki. Ashe ya sani.

Ranar kasuwa na ɗauki ƙwaryar nono kamar kullum, na ƙara da ƙwan zabi a ƙoƙo don tukuici, Inna ta biyo ni. Tun daga nesa na hango ƙunshin a kan cinyar masinja, na kuma gane igiyar. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye nono da ƙwai. Ya sa aka kawar masa da su gefe, sannan ya dube ni.

"Amarya, wa ya aiko miki saƙo?"

Na ce, "Mai gidanmu."

Ya ce, "Kowace mace a kasuwar nan da mai gidanta. Wanne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Shi, wanda aka ɗiba aikin kuza."

"Shi wa?"

Mazan da ke zaune a inuwar suka fara murmushi. Inna ta matso ta ce, "Haba ɗan nan, ka san shi, ka san ubansa. Wancan ne."

Ya ce, "Iya, wancan wa? Takardar Bature ba ta san wancan ba."

Tsohon maƙerinmu ya fusata ya faɗi sunan da ƙarfi, ya ce a ba yarinya kayanta ta tafi. Masinja ya ce, "Baba, kai aka aiko wa? Doka ta ce mai saƙo ta faɗa da bakinta, sannan ta dangwala yatsa." Ya tura ƙunshin cikin jaka ya ja ɗamara. Daga baya na ji babu wata doka mai kama da haka, shi ya ƙaga abarsa. Bahaushe ne ɗan'uwanmu, uwarsa ma ba ta kama sunan wansa. Ya san sarai mutum biyu ne a duniya ke da haƙƙin wannan ƙunshi, kuma su ne mutum biyun da ba za su iya buɗe baki ba.

Haka muka yi ta yi, kasuwa bayan kasuwa. In kawo nono da ƙwai, ya karɓa, ya fito da ƙunshin ya ɗora a cinya yana buga shi da yatsu, ya ce, "To amarya, yau kin tuna? Shi wa?" Na gwada kowace hanya. Na ce ɗan Inna, na ce bahago mai igiya, na ce mai sunan mahauci. Duk ya ce takarda ba ta san su ba. Abin ya zama kallo, har masu awo suna barin buhunansu su zo su ji yau me amarya za ta ce. Cikina yana ta girma, Inna tana ta ramewa. Wata safiya muna hanya ta ce, "'Yar nan, ki bar masa. Zane ne kawai." Na ce, "Inna, ba zanen nake so ba. Hannunsa ne ya ɗaure." Muka ci gaba da tafiya.

Ranar na durƙusa, ya yi tambayarsa, na faɗi sunan a hankali, kaina a ƙasa. Ya kara hannu a kunne ya ce, "Ban ji ba." Na faɗa da ƙarfi, har masu nama suka juyo. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta ba mu baya. Ni kuwa ji na yi kamar an yaye mini zane a tsakiyar kasuwa. Babu mai dariya wannan karon. Masinja ya gyara zama, ya buɗe jaka ya nuna mini cikinta, ya ce, "Ai da kin faɗa tun farko. Saƙon da ya daɗe ba a karɓa ba, an mayar da shi Kazaure. Daga can kuma sai inda ya fito." Sau ɗaya tak na kama sunan mai gidanmu a rayuwata, kuma a banza na kama shi.

Labarin mutuwa bai nemi masinja ba, da ƙafarsa ya zo. Wasu da aka sallamo suka tsaya a ƙofar gida suka yi sallama, suka ce ciwon ƙirji ne, an binne shi a can. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, domin ɗan fari ne, ko wannan ma babu dama. Ta ɗauki tsintsiya ta yi ta sharar wurin da babu datti. Na yi takaba da ciki, na haifi namiji, muka goya shi da tsohon zanen Inna. Da na yi arba'in na koma kasuwa da nono, da yaro a baya. Keke yana jingine a gindin tsamiya, an ɗaure tabarma da buta a bayansa. Na tsaya ina kallon igiyar da aka yi ɗaurin da ita. Na kai hannu na shafa, tufkar baya take kwanciya. Ba a mayar da komai Kazaure ba. Kafin sati ya zagayo mata suka kawo mini sauran labarin: an ga matar masinja a wurin biki da zane mai ruwan bula, da jariri a bayanta da 'yar hula.

Ban yi ihu ba, ban yi zagi ba. Wa zan kai wa ƙarar mai kaki? Na koma gida na zuba gero a turmi, na ɗauki taɓarya, waƙa ta zo mini da kanta:

Ƙararrawa ta yi kuka, shi wa?
Mai keke ya sha nono, shi wa?
Ya ci ƙwai ya ci saƙo, shi wa?
Igiyar bahago a bayan keke,
Ku tambaye shi ta wa ce, shi wa?

Amshin yana faɗawa daidai saukar taɓarya, shi ya sa ta kama. Maƙwabciyata ta ɗauka ta bayan danga, kafin azahar unguwarmu duk ta ɗauka. 'Yan mata suka kai ta wurin gaɗa, masu tallan nono suka kai ta Kazaure, amaren da aka kai Gwiwa da Babura suka tafi da ita cikin kayan ɗakinsu. Ni kuma ban huta ba. Duk bikin da aka gayyace ni daka sai na je, wanda ba a gayyace ni ba ma sai na je, in ƙara sabon baiti. Da gangan na yi, da niyya na yi, kuma na ji daɗinsa. Idan ƙararrawarsa ta yi ƙara a bakin gari, yara su fito su bi shi a guje suna "Shi wa? Shi wa?" Ya cire ƙararrawar ya jefa a jaka. Sai yaran suka koma yi masa ƙararrawar da baki.

Da abin ya ishe shi sai ya kai ƙarata wurin mai gari. Aka kira ni ƙofar fada, jama'a sun cika. Mai gari ya ce, "Ke 'yar nan, wa kike yi wa zambo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dakata nake yi. Ban kama sunan kowa ba."

Ya ce, "To ga shi ya ce da shi kike."

Na ɗaga kai na ce, "Shi wa, ranka ya daɗe?"

Wurin ya ɓarke da dariya, har mai gari ya ja rawani ya rufe baki. Masinja ya miƙe yana cewa, "Ni! Da ni take!" Maƙeri ya ce, "To, ka ji, da bakinsa ya faɗa. A kawo tawada ya dangwala." Ana cikin haka Inna, wadda ban taɓa ganin ta ɗaga ido a gaban maza ba, ta tashi ta nufi keken, ta kwance igiyar, tabarma da buta suka zube ƙasa. Ta naɗe ta a hannu ta ce, "Wannan ta wancan ce." Masinja ya ce a hanya ya tsinta. Ba wanda ya hana ta.

Kada ku ɗauka an kore shi daga aiki. Ina! Ya ci gaba da jan kekensa har Turawa suka tafi, zanen ya tsufa a jikin matarsa, sabulun ya ƙare. Abu ɗaya na iya ƙwacewa, kuma shi na ƙwace. Daga ranar babu wanda ya sake kiran sa da sunan da ubansa ya yanka masa rago. A kasuwa Shiwa, a masallaci Shiwa, har waɗanda ke ba shi jakar a Kazaure Shiwa suke ce masa, baƙi suna zaton sunan kirki ne. A cikin gida kuwa dama sunan ba ya nan: matansa ba sa kama shi, 'ya'yansa Baba suke cewa. Sunan namiji a bakin mutanen waje yake rayuwa, ni kuma a can na bi shi na kashe. Da ya tsufa ciwo ya kwantar da shi, ya aiko wata tsohuwa da goro da sabon zane, wai in yafe masa. Na ce ta mayar, ta gaya masa saƙon ya daɗe, an mayar da shi inda ya fito.

An yi mini wa'azi har kunnena ya gaji. Na yi wani auren, na haifi 'ya'ya, na yi wa Inna sutura da hannuna, ɗana ya biya mini na je Makka. A can na tsaya na yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mini, ɗaya bayan ɗaya, da na zo kan Shiwa na tsallake. Allah ya san abin da ke tsakaninmu, shi zai raba mu. Sunaye uku ne ba na faɗa a duniya: na mai gidanmu da na ɗana na fari don kunya, na ukun don ƙiyayya. Igiyar kuwa tana nan a ƙasan adakata, ta yi baƙi ta yi laushi. Da ita na ɗaure likkafanina, na kuma gaya wa yara kada a kwance sai ranar. Wannan ƙunshin da kaina zan kai, ba na bukatar masinja.

Takalmin jikata dai ya iso daga baya. Wani ɗan acaɓa ne ya kawo daga tashar Roni, magidanci mai natsuwa, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya nemi izini ya shigo har ƙofar ɗakina, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce shi ɗan gidan Shiwa ne, jika. Ya ce matarsa ta sauka, an samu namiji, suna ya matso, kuma mahaifinsa kafin ya rasu ya bar wasiyya a mayar da sunan kakansu. Sun tambayi dangi kaf, sun je Kazaure sun tambaya, babu wanda ya san komai sai Shiwa, liman kuwa ya ce ba a raɗa wa yaro wannan. Na sa aka dama masa fura. Na yi wa jaririn addu'a da zuciya ɗaya, Allah ya raya shi, ya sa ya zama mai riƙon amana. Sunan kuwa yana nan a kan harshena, ban manta ko harafi ɗaya ba, suna ne mai daɗi ma.

Ya ajiye ƙwaryar ya goge baki, ya ce, "Kaka, don Allah ki taimaka mana. An ce duk ƙasar nan ke kaɗai kika rage da kika san shi."

Na dube shi da kyau. Hancin kakan nasa ne sak. Na gyara mayafina, na kara hannu a kunne.

Na ce, "Shi wa?"